Waƙar Hildegard a bakin kwayarmu: zai yiwu kuwa?

Malamin Kwaya, Wusasa:

Salama gare ku 'yan'uwa. Shekara 11 ke nan ina koyar da kwaya a cocinmu. Mu 23 ne idan kowa ya zo, kayan kiɗanmu kuma kibod ɗaya, ganga biyu da kacau-kacau. Makon jiya ƙanena da ke karatu a Samaru ya turo mini wani kiɗa a waya, Rainbow Body, na wani Ba'amurke Christopher Theofanidis, wanda ya rubuta a 2000. Na sa shi da dare bayan an ɗauke wuta. Babu mai rerawa ko ɗaya, goge ne na Turawa da ƙahoni, amma akwai wani amo da ke tafiya yana dawowa, kowace dawowa ya fi ta baya girma, har tsigar jikina ta tashi. Ashe amon ba nasa ba ne. Daga waƙar yabon Maryamu ya ɗauko shi, wadda wata mata mai zaman zuhudu a Jamus, Hildegard ta Bingen, ta tsara a ƙarni na 12.

Na nemo waƙarta ta asali, wadda take da harshen Latin, na saurara. Murya ɗaya ce tak, ba sofrano da alto da teno da bas irin yadda muka saba a Littafin Waƙoƙi. Sai na ɗauko layi ɗaya, na sa masa kalmomin Hausa, na gwada da 'yan sofrano ranar Alhamis. Abin bai yi daɗi ba. Ita tana jan gaɓa ɗaya ta hau da ita ta sauko, mu kuwa da muka ja "garin Allah" sai ya koma garin tuwo. Yara suka fashe da dariya, aka tashi.

To, akwai wanda ya taɓa gwada irin wannan? Mu rera da Latin da ba wanda ke ji, ko mu haƙura?

Tsohon Ɗan Seminari:

Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. An haifi matar nan a 1098, ta rasu a 1179 tana da shekara 81, ta bar waƙoƙi sama da 70. Cewa take tun tana ƙarama take ganin wahayi, ta rubuta su a littafinta Scivias. A wasan kwaikwayonta na waƙa, Ordo Virtutum, kowa rerawa yake yi sai Shaiɗan kaɗai, shi ihu yake da magana. Ka ga matsayin waƙa a wurinta.

A shekararta ta ƙarshe ma rigima aka yi a kan waƙa. Ta yarda an binne wani mutum da aka taɓa korarsa daga ikilisiya a maƙabartar gidansu, tana mai cewa ya tuba kafin ya mutu. Shugabannin ikilisiya na birnin Mainz suka ce a tono shi, ta ƙi, suka hana matan gidan rera sujada. Sai a 1179 aka janye hukuncin, 'yan watanni kafin rasuwarta. Paparoma Benedict na 16 ya sa ta cikin manyan malaman ikilisiya a 2012.

Shawarata: bar Latin ɗin yadda yake. A kan wasulan Latin aka ɗinka amon. Ka buga ma'anar da Hausa a takardar sujada, wani ya karanta kafin a fara.

Maman Tagwaye, Sabon Gari:

Ni dai ban yarda ba. Mu a Zumuntar Mata idan muka ɗauki waƙa, tsohuwar da ke bencin baya ma amshi take yi. Waƙar da za a rera jama'a su yi tsit suna kallo kamar an zo biki, ina amfaninta ranar Lahadi? Kuma Malam, 'yan matan nan naka numfashinsu zai kai? Na saurara, matar tana hawa sama kamar ba za ta sauko ba.

Abu Tudun Wada:

Ni Musulmi ne, na shigo ne don maƙwabcina ya nuna mini zancen. Labarinta ya tuna mini da Nana Asma'u 'yar Shehu, mace malama da ta koyar da mata ta hanyar waƙa. Abin da zan ce, masu bege a wurinmu ma suna jan murya, amma ka lura inda suke ja: gaɓar ƙarshen baiti, ko sunan Allah, inda ja ba ya ɓata ma'ana. Ba a tsakiyar kalma ba.

Malamin Kwaya, Wusasa:

Na gode muku duka. Mama, gaskiyarki kan numfashi, mutum uku ne kawai suka kai ƙarshen layin, ɗaya ma da ƙyar. Amma batun amshi, Malam Abu ya buɗe mini ido. Jiya na zauna da kibod na yi abin da shi Theofanidis ya yi, wato na ɗauki guntun amon kawai na bar sauran. Na sa 'yan bas su riƙe sauti ɗaya a ƙasa ba motsi, sofrano su bi amon da kalmomin Zabura 104, kowace gaɓa da sautinta, ja kuma sai a "Halleluya", wadda jama'a za su amsa. Ganga na cire ta tukuna, ko da yake mai gangarmu ya ɓata rai.

Yallaɓai ɗan seminari, Latin ɗin zan ajiye wa mutum ukun nan su rera layi ɗaya a farko, don a ji daga inda abin ya fito. Za mu sake gwadawa Alhamis da ƙarfe 5. Mama, idan kin samu Keke Napep ki zo ki zauna a bencin baya, ki gaya mini ko amshin ya kamu.