Waɗanda suka taɓa zuwa Auckland, ku ba mu labari

Ɗan Zinder: Salamu alaikum jama'a. Aiki zai kai ni Auckland ta ƙasar New Zealand a watan Maris. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka min da abin da ya gani da idonsa.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da jakarka. Kilishi, daddawa, zuma, duk ka bar su a gida. Suna tsananta bincike a filin jirgi saboda gudun cututtukan dabbobi da tsirrai, har karnuka ke shinshina kaya. Lokacin da na je, tarar rashin bayyana abinci dalarsu 400 ce nan take. Duk abin da ka ɗauko ka rubuta a takarda.

Baban Yara: Gaskiyar Hajiya. Ni kuwa alƙibla ce ta fara ba ni mamaki, can yamma ake fuskanta. Na yi Juma'a a masallacin Ponsonby, nama na halal kuma bai yi wuya ba. Garin yana tsakanin mashigin teku biyu, Waitemata da Manukau, ko'ina ka waiga ruwa ne da jiragen ruwa.

Malama Uwani: Kowa zai ce ka hau hasumiyar Sky Tower, mai tsayin mita 328. Ka hau, amma don Allah kada Asabar ta wuce ka ba ka je kasuwar Otara da sassafe ba. Nan za ka gane dalilin da ya sa ake cewa babu birnin da ya kai shi yawan 'yan Folinisiya (wani yankin tsibirai a tekun Pasifik) a duniya. 'Yan Samoa da Tonga da tsibiran Cook, ga gwaza jibgi-jibgi, ga rogo da ɗanyar ayaba, ana ta waƙoƙin coci a lasifika. Wata dattijuwa 'yar Tonga da fure a kunne ta buɗe min ƙunshin lu sipi, naman rago ne da madarar kwakwa a cikin ganyen gwaza, tururi na tashi. Sai da ta tabbatar min babu alade kafin ta miƙo. Ka riƙa tambaya, domin alade na da yawa a girkinsu. Yadda yaransu ke sunkuyawa in za su gifta gaban manya ya taɓa zuciyata ƙwarai. Kuma ka yi sa'a, a Maris ake Pasifika, bikin al'adun mutanen tsibiran nan.

Baban Yara: Malama, kin manta tsibirai. Rangitoto dutse ne da ya yi aman wuta kimanin shekara 600 da suka wuce. Babu kanti a kansa, ka tafi da ruwanka da takalmi mai ƙwari, baƙin dutsen nan yana cin ƙafa. Waiheke tafiyar minti 40 ce a jirgin ruwa, bakin tekunta da kyau, sai dai yawancin masu zuwa gonakin inabi da giyarsu ke kai su.

Maman Ilham: Ka kuma shiga gidan tarihin Auckland ka ga rawar "haka" ta Māori, 'yan asalin ƙasar da ke kiran garin Tāmaki Makaurau. Gaisuwarsu haɗa hanci da goshi ce. Ni dafa ƙirji na yi, na yi musu bayani, suka karɓa da mutunci.

Ɗan Zinder: Allah ya saka da alheri. Malama, motar haya na zuwa Otara daga cikin gari?