Yoyo a inda rufin shingil ya haɗu da bango, a taimaka da shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin gini ku taimaka, abin ya fara hana ni barci. Rufin gidanmu na shingil ne, falle-fallen nan masu kwalta da tsakuwa a kai. Ni na dage a kansa lokacin gini saboda ƙarar ruwa a kan kwano na tayar min da ciwon kai. Maigidan bai so ba, yayansa ma ya ce almubazzaranci ne, sai da aka kai ruwa rana aka yarda. To yanzu ɗakin yara na yoyo, daidai inda rufin ƙasa ya jingina da bangon bene. Silin ya yi tabo, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Mai gyara ya shafa wani baƙin gam aka samu sauƙi, ruwa mai iska na sauka yoyon ya dawo. Yanzu wai sai an ɗaga shingil an sa fulashin. Gaskiya ne ko kuɗina yake so ya ci? Ba na son in ji "ai na faɗa miki".

Injiniya Sabo: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ya faɗa miki. Shingil ba toshe ruwa yake yi ba, gangarar da shi yake yi, falle a kan falle. Inda ya ci karo da bango dole ƙarfe ya karɓi aikin, shi ake kira fulashin. Guntaye ake lanƙwasawa, rabi ya kwanta a rufi, rabi ya hau bango, kowane ɓangare kamar inci 4. Kowane layin shingil da nasa guntu, na sama ya hau na ƙasa da aƙalla inci 2, su tafi kamar matakala. Sai a tsaga bango a cusa wani ƙarfen ya sauko ya rufe kawunansu. Ƙusa kuma a katakon rufi kaɗai, don bango da rufi ba tare suke motsi ba.

Abu Khalid: Hajiya ki gode Allah naki mai gyaran ya dawo. Nawa kafintan ya karɓi kuɗin aiki, ya yaye rabin rufi, ya kashe waya. Da leda muka ƙarasa damina. Mutanen nan ba su da tsoron Allah.

Ɗanladi: Duk wannan dogon turanci ne. A narka kwalta a malala a wurin, shi ke nan. Nawa haka na yi, har yau lafiya.

Injiniya Sabo: Ɗanladi, rana za ta busar da ita ta tsage, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya kwanta, katako ya ruɓe ba ka sani ba. Kar ka jefa baiwar Allah cikin asara.

Maman Ilham: Amma Injiniya akwai ƙarfe a wurin fa, da idona na ga an sa shi, dogo guda ɗaya daga sama har ƙasa. Wanda ya yi mana rufin ba ɗan koyo ba ne, manyan gidaje yake yi.

Injiniya Sabo: Matsalar ke nan. Dogo guda ɗaya ana sa shi ne inda saman rufi ya ƙare a jikin bango, ba a gefen gangare ba. A gefen gangare, ruwa na samun ƙofa ɗaya zai bi ta ƙarƙashin shingil, babu abin da zai maido shi sama. In alminiyom ne kuma aka binne a siminti babu fenti, siminti na cinsa. A cire a sake, magana ta ƙare.

Malam Nura: Injiniya, a yi a hankali. Inda silin ya yi tabo ba lallai nan ruwan ya shigo ba, yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Akwai taga a bangon benen? Akwai bututun da ya huda rufin? Robar wuyansa na tsagewa da rana. Ranar da babu ruwa wani ya hau da tiyo, ya fara jiƙawa daga ƙasa yana hawa a hankali, wani na cikin silin da tocila. Kuma Hajiya ba ki faɗi gangaren rufin ba. In bai kai hawan inci 2 a kowane inci 12 ba, shingil bai dace da shi ba tun farko.

Hajiya Binta: Ƙanwata ki yaye shi ki sa kwano ki huta. Ni ma kwalliya ta ja ni, yanzu kowace damina sai mun yi faɗa da maigida.

Maman Ilham: Anti ba kwalliya ba ce, lalura ce. Malam Nura akwai taga, amma sabuwa ce. Tiyo kuma gaskiya ba zan bari a ƙara jiƙa min silin ba. Gangare ban san yadda ake aunawa ba.

Injiniya Sabo: Ba taga ba ce. Ko hoto ban gani ba na san fulashin ne.

Maman Ilham: To in aka ƙara gam ɗin da kauri, ba zai riƙe zuwa ƙarshen damina ba? Maigidan na hanya.

Abu Khalid: Injiniya, ni nawa ta kwarin da rufi biyu suka haɗu yake zuba, shi ma matakalar ake yi masa?