Musayar Waƙa: Fadar Riyadh da Abokanta na Yamma

Sarkin Alƙalami, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan majalisa. Kan maganar wannan makon shi ne Saudiyya da ƙawayenta Turawa. Ƙwar huɗu za mu yi, kowane baiti ya rufe da "ba". Ban da zagi. Zan fara da Khashoggi, ɗan jaridar Saudiyya da aka kashe. Bismillah:

Biyu ga Oktoba, ranar Talata,
A 2018 aka aikata,
Khashoggi ya je neman takarda ta
Aure, bai sake fitowa ba.

Ƙaramin ofishin jakadan ƙasarsu,
A Santambul, nan ya faɗa hannunsu,
Mutum 15, da jirgi aka kawo su,
Har yau ba a ga gawarsa ba.

Amurka ta bincika ta rubuta,
A 2021 ta saki takardarta,
Yarima Bin Salman ya amince, in ji rahotonta,
Amma ba ta taɓa gashin kansa ba.

Malam Ɗan'azumi, Katsina:
Malam, a yi hattara da harshe,
Ƙasar Harami ce, farko da ƙarshe,
Mai hidimar Ka'aba a ko da yaushe,
Bai kamata a sa shi a waƙa ba.

Kotunsu ta zauna ta yanke hukunci,
Mutum 8 sun sha ɗauri da ƙunci,
Turawa kuwa sun saba da munafunci,
Ba don Allah suke kukan ba.

Uwar Marayu, Maraɗi:
Allah gafarta Malam, baitinka na ƙarshe na karɓa hannu biyu. Na farkon ne ba zan bari ya wuce ba.

Malam Ɗan'azumi, Allah gafarta,
Ka'aba daban, fada daban, ka bambanta,
Limamin Harami ma an ɗaure, ka karanta,
Saleh al-Talib bai ga sassauci ba.

Shekara 10 kotu ta yanke masa,
Salman al-Auda ma an sa shi a ƙasa,
A 2017 aka je aka ɗauke shi gidansa,
Rawani bai kare malami ba.

Loujain ta ce a bar mata su tuƙa mota,
A Mayun 2018 aka kama ta,
A Yuni aka ba mata izini, ban da ita,
Kafin 2021 ba ta ga gida ba.

Salma ɗaliba ce a Leeds ta Ingila,
Ta je hutu gida ta faɗa wahala,
Kan rubutun Twitter, shekara 34 jimla,
Ingila ba ta fasa ciniki ba.

Daga baya an rage wa Salma shekarun, har ta fito. Na faɗa don kada a ce na ɓoye.

Ɗan Zango, Kumasi:
Hajiya ta gama da fada, ku bar ni da baƙin fada.

Biden ya ce zai mai da su saniyar ware,
Da mai ya yi tsada sai ga su tare,
Jidda, Yulin 2022, da rana ba dare,
Ya miƙa wa Yarima dunƙulen hannu, bai ji kunya ba.

Mutum 81 aka kashe rana guda,
A Maris ɗin shekarar, duniya ta shaida,
Kwana 4, Boris Johnson ya sauka a fada,
Mai ya je nema, ba ta'aziyya ba.

Kanada ta ce a saki 'yan fafutuka,
Aka kori jakadanta, aka tsai da harka,
Ta waiga Ingila, ta waiga Amurka,
Ko ɗaya bai tsaya mata ba.

Malam Ɗan'azumi, Katsina:
Hajiya na ji, to ina batun Iran?
'Yan hisbarsu sun kama Mahsa a Tehran,
Kan ɗankwali, kwana 3 ta rasu nan,
Ban ji kun sa ta a baiti ba.

Uwar Marayu, Maraɗi:
Ga ta a baiti, Allah ya jiƙan ta,
Shekara 22 kacal aka binne ta,
Matasan da suka fito titi dominta,
Wasunsu igiya ba ta bar su ba.

Amma dubi yadda Turai ta yi tsaye,
Takunkumi kan Tehran, ba ɓoye-ɓoye,
Laifin Riyadh kuwa sai a haɗiye,
Ba a tsawata wa mai sayen makami ba.

Baba Mai Carbi, Umdurman:
'Ya'yana, na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Kun yi ta ambaton manya masu suna. Akwai waɗanda ba a san sunansu ba.

A Dahyan ta Yaman, cikin kasuwa,
Motar 'yan makaranta na tsayawa,
Bam ya sauka, yara 40 babu dawowa,
Ko jakar littafi jini bai bari ba.

Aka tsinci ɓurɓushin bam a ƙasa,
Ƙirar Amurka, ga lamba a jikinsa,
Mai ƙera shi ya karɓi kuɗin kayansa,
Cinikin makamai bai tsaya ba.

Jirgin ƙawancen Saudiyya ne ya jefa bam ɗin. A Agustan 2018 ke nan, wata biyu kafin a kashe Khashoggi.

Ɗan Zango, Kumasi:
Baba, baitinka ya kashe mini jiki,
Ga shi an ba Saudiyya Kofin Duniya, za a yi biki,
2034, Turai za ta cika jirgi da ma'aikatan aiki,
Ban ga mai ƙin zuwa kallo ba.

Sarkin Alƙalami, Zariya:
Ɗan Zango, ɗangonka na uku ya yi tsawo, ya karya kari, a gyara shi. Malam Ɗan'azumi, Baba ya aza maka kaya, amsa tana wajenka.

Malam Ɗan'azumi, Katsina:
Baba ba a yi masa gardama a kan yara. Amma Hajiya da Ɗan Zango su jira ni bayan La'asar, ina da sauran baiti uku a kansu.