Shekara 35 da barin Samaru: ina kowa yake?

Tsohon wakilin aji, daga Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, 'yan sashen tattalin arziki na ABU Zariya da muka gama a 1990. Makon jiya na kai autata Samaru, ta samu gurbi a fannin harhaɗa magunguna. Da muka gama rajista na tsaya a bakin ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ina tuno ku ɗaya bayan ɗaya, sai na ga da yawanku ban san inda kuke ba. Don Allah kowa ya faɗi halin da yake ciki. Ni bayan bautar ƙasa a Ondo na kama aikin gwamnatin tarayya a 1991, ɓangaren kasafin kuɗi, ina nan har yau. 'Ya'ya shida, jikoki huɗu, alhamdulillahi. Baɗi zan cika shekara 35 a aiki, dole in ajiye. Abin da ke damuna shi ne ko allura ban taɓa sayarwa ba. Waɗanda suka riga ni fita, ku faɗa mini gaskiyar yadda abin yake.

Alhaji, daga Dawanau, Kano:
Wa'alaikumus salam Shugaba, Allah Ya sa wa karatun auta albarka. Ni ina ɗan shekara 40 aka sallame ni. Banki na shiga a 1992 har na kai manajan reshe. A 2004 Babban Banki, lokacin Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25. Namu yana cikin waɗanda aka haɗe. Rassa biyu a titi ɗaya, manaja ɗaya ake so. Takarda ta same ni uwargida na da tsohon ciki.

Wata takwas na yi a gida, ko majalisar unguwa ba na iya zama. Kawuna ne ya ce in zo kasuwar hatsi ta Dawanau in riƙe masa littafin ciniki. Shekara guda cur ina rubuta buhunan riɗi da zoɓo masu shiga da masu fita, ban sa kwabona ba. A nan na koyi gane riɗin da aka cakuɗa da yashi, da wanda bai gama bushewa ba, wanda in ka ajiye shi zai rage nauyi ya kuma lalace. Na koyi cewa da kaka ake saye, a Maigatari da Gumel, sannan a yi haƙuri. Yau ina da sito biyu da yara 14 da ke cin abinci a ƙarƙashina.

Shugaba, a tsarin fansho na 2004 wani kaso za a ba ka a dunƙule, sauran wata-wata. Wannan dunƙulen kar ka taɓa shi sai ka zauna a rumfar wani ka ga kaka ta zagayo. Na ga mutanen kirki sun zuba nasu a kaji ko motar haya, kafin shekara babu ko sisi.

Hajiya, daga Sakkwato:
Sannunku 'yan'uwa. Ni ce wadda aka yi wa aure muna aji uku, na rubuta jarrabawar ƙarshe da goyo. Ƙawayena na Amina Hall, masaukin ɗalibai mata, su suka riƙa karɓar yaron in zan shiga zauren jarrabawa, Allah Ya saka musu. Yaron nan yanzu shi ma uba ne. Koyarwa na kama a sakandaren gwamnatin tarayya, kuma dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65, ko 40 a aiki, ta ƙara mini lokaci. Maigidan ya rasu a 2016 ya bar ni da biyar. Albashin nan da adashi da ɗinkin dare su suka kai uku jami'a, ta biyun likita ce yanzu. Roƙona ɗaya: mu mata mun fi ɓacewa a cikinku, aure ya kai kowacce wani gari. Wanda ya san inda wata 'yar ajinmu take ya sanar da ni.

Daga Manchesta, Ingila:
Allah Ya jiƙan maigida, Hajiya. Na zo digiri na biyu a 2001 da niyyar shekara biyu, har yau ina nan, ina aikin akanta a wani asibiti. Rufin asiri akwai. Amma yarana uku suna jin Hausa, da Turanci suke amsa mini. Ranar da mahaifiyata ta rasu da asuba aka kira ni, kafin azahar an kai ta makwancinta, ni ina neman tikitin jirgi. Wannan bai bar zuciyata ba. Na fara gini a Zariya.

Malam, daga Funtuwa:
Ni ƙaramar hukuma na yi wa aiki, na ajiye da wuri na koma gonar masara da waken soya. Amma ba labarina ya kawo ni ba. Abokin ɗakina a Suleiman Hall, wanda yake tara mu bita a daren jarrabawar ƙididdiga, Allah Ya yi masa rasuwa bara bayan doguwar jinyar ƙoda. Jinyar ta cinye gidansa da gonarsa. Ya bar bakwai. Na ukun ya samu gurbin karatu a bana, kuɗin rajista ya gagara, kuma mahaifiyarsu ba mai iya roƙo ba ce.

Alhaji, daga Dawanau:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi da bitarsa na haye wannan darasin. Allah Ya gafarta masa. Malam, rajistar bana a kaina take, ka kira ni yau.

Tsohon wakilin aji:
Allah Ya jiƙansa, Ya biya ka Alhaji. Sauran shekarun sai mu raba a tsakaninmu. Hajiya, ke za ki riƙe lissafi in kin amince, Malam kuma ya fara yi wa mahaifiyar yaron magana cikin mutunci kafin mu aika komai. Alhaji, ranar Asabar in Allah Ya yarda zan shigo Dawanau, ka tanadar mini benci kusa da littafin.