Shawarwari Kan Tsofaffin Ma'aunan Sifaniya a Takardun Filaye

Masu awon fili da masu binciken tarihin gado da suka tattauna batun tsofaffin ma'aunan Sifaniya da ke cikin takardun filaye sun haɗu a kan abu guda: kada a mayar da wani tsohon ma'auni zuwa mita kafin a tabbatar da garin da aka rubuta takardar da kuma shekararta, domin suna ɗaya yakan ɗauki girma daban-daban. Misalin da aka fi jaddadawa shi ne vara, wato wani ma'aunin tsawo. Ta yankin Kastil da ke Sifaniya tana da tsawon santimita 83.59, amma jihar Texas ta kafa tata a inci 33 da sulusi (kusan santimita 84.67) a 1919, kuma wannan ɗan bambanci, da ake gani kamar ba komai ba, yakan kai mitoci da dama idan gefen fili ya kai vara 5,000.

Caballería, wato ma'aunin faɗin fili, ta fi rikitarwa, domin kusan hekta 13.4 ce a Kuba, alhali a Meziko ta haura hekta 42.

A ganina shawarar da ta fi nauyi ita ce ta masu awo, cewa a fara neman alamomin iyaka da takardar ta ambata, kamar rafi ko tarin duwatsu, domin kotuna sukan fifita su a kan lissafin faɗin fili.