"Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya": maganar jari ce ko ta jiki?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah ku raba mana gardama ni da ƙanina. Ni tela ne, kun dai san yadda goman ƙarshe na azumi take a wajenmu, shadda da yadi sun cika shago ba wajen taka ƙafa kowa na son nasa kafin daren sallah. Azumin 2024 da aka yi cikin zafin Maris da Afrilu na yi wajen sati ban kwana gida ba, in an kawo wuta ƙarfe ɗayan dare mu hau keke sai asuba, sahur ma Nescafe ne da biredi a tsaye. Ana saura kwana uku sallah jiri ya kwashe ni, farkawa kawai na yi na ga ana min ƙarin ruwa. Tun daga nan na kafa wa kaina doka uku, sahur na zaune da abinci na gaske da ruwa sosai, kwanciya awa ɗaya bayan azahar ko da ɗinkin sarki ne a kan keke, sannan masallaci da ƙafa ba a mashin ba. To bana ƙanina ya ga ina kwance aiki jibge ya ce lalaci ne, na ce masa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ya ce wai na ɗora karin maganar inda ba muhallinta ba, ita maganar kuɗi ce. Wa ke da gaskiya?

Alhajin Kwari:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ƙaninka bai yi ƙarya ba. Mu a kasuwa in ka ji an faɗe ta to jari ake nufi, ba ka da na sarin dila ɗaya ka ce za ka buɗe shago a Kantin Kwari? Ruwan ciki shi ne abin hannunka, na rijiya shi ne riba. Ni dai ban taɓa jin an yi ta a kan barci ba.

Malamar Hausa:
Alhaji a yi haƙuri, ai kun ari maganar ne kuka kai kasuwa har kuka manta mai ita. Ku kalli kalmomin mana. Wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai zurfi, irin wadda igiya ke cin tafin hannu, ya san mai ƙishirwa da yunwa ba ya kai guga na biyar. Asalin hoton jiki ne, ciki aka ce ba aljihu ba. Jari ma'ana ce ta biyu, ba laifi ba ne, haka karin magana take yaɗo. Amma a ce tela ya yi kuskure don ya mayar da ita gida, a'a.

Manomin Kadawa:
Hhh Malama kin tuna min injin ban ruwa. Duk mai noman rani ya sani, in ba ka fara ɗura masa ruwa ta sama ba sai dai ya yi ta ƙara yana shan mai a banza ba zai ja ko ɗigo ba. Ƙarfe ma kenan.

Na Tudun Wada:
To ni bari in kawo wata. Ba Hausawan ne suka ce sabo turken wawa ba? Mutum ya ɗaure kansa da dokar kwanciya bayan azahar, mai kaya na tsaye a ƙofa, aikin da daga shi sai wata shekara. Kwana goma ne fa kacal, a daure a yi, bayan sallah ka yi barcinka har ka gaji. Ni ina bayan ƙanin.

Malamar Hausa:
Sabo turken wawa ana faɗinta ne ga wanda ya liƙe wa abin da ke cutar da shi don kawai ya saba, kamar mai komawa wajen abokin da kullum ke cin amanarsa. Wawancin yana ga rashin tunani ne. Shi wannan da hankalinsa ya kafa turken bayan ya sha ƙarin ruwa. Kuma tambayi mai kiwo, ranar da hadari ya taso da iska akuyar da ke turke ce ake samu a gida.

Nas a Zariya:
Na Tudun Wada wannan "kwana goma ne kacal" ɗin shi ke kawo mana mutane wallahi. Babba yana buƙatar barcin awa 7 ko sama, ban ce tela zai samu haka a goman ƙarshe ba, amma ɗan abin da ya samu ya fi babu nesa ba kusa ba. Sannan Nescafe da goro da lemukan ƙara kuzari ba ƙarfi suke ba ka ba, gajiyar suke rufewa, kuma rabin sinadarin yana nan a jini bayan kamar awa 5, shi ya sa wanda ya sha biyu a sahur in ya kwanta da hantsi idonsa ƙyam. Ga zafin da ke wuce digiri 40 ga azumi. Ku dinga duba fitsarinku, in ya yi duhu kamar ruwan shayi ruwa jiki ke nema, kuma a sha shi kaɗan kaɗan daga buɗa baki zuwa sahur ba a ɗirka lokaci ɗaya ba. Na tiramol kuwa ba na son ma in fara, yara nawa suka fara sha don kwanan ɗinki sallah ta wuce su ba su daina ba.

Almajirin Malam:
A addinance ma tela na kan hanya. Annabi (SAW) ya ce ku yi sahur domin akwai albarka a cikinsa, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Kuma Abdullahi ɗan Amr da yake azumi kullum yana raya dare duka, ce masa aka yi jikinka yana da haƙƙi a kanka. Ibada kenan fa, ina ga ɗinkin babbar riga.

Uwar Biyu:
Ku maza daɗinku kenan, har da awa ɗaya bayan azahar. Ni ina cincin da dubulan na sayarwa, ga girkin buɗa baki ga yara ga kitso, ku gaya min ina zan sa ƙailula. Karin maganar gaskiya ce amma wani lokaci rijiyar ce kaɗai ke da ruwan, sai ka ja sannan ka sha. In ban soya ba ba kayan sallar yara.

Nas a Zariya:
Yaya wannan gaskiya ne ba wanda zai musa miki. Ba sai kin yi nasa ukun ba. Ajiye gorar ruwa kusa da murhu bayan magariba, ki zauna a kujera lokacin murza ƙullu maimakon sunkuyo, sahur kuma kar ki bari ya zama ragowar cincin ɗin da ya ƙone, na san halinmu.

Uwar Biyu:
Hhhh kamar kina gidan. Jiya ma shi na ci.

Ɗan Damagaram:
Ni abin da na lura ba wanda ya taɓa shi. Ruwan cikin nan tun gida ake shan shi kafin a tahi rijiya. Tela in tun watan Rajab yake kwanciyar nan jikinsa ya riga ya san lokaci, minti biyar barci ya ɗauke shi. Wanda bai saba ba ya ce zai fara ranar 21 ga azumi, juyi kawai zai yi yana lissafin wuyan riga. Mu nan shayi ne matsalarmu, na ɗaya na biyu na uku har ƙarfe biyun dare.

Alhajin Kwari:
To na sauko kaɗan, amma ban bar maganar jari ba. Sai dai in ce telan da ya faɗi saura kwana uku jarin nasa ne ya karye. Ɗan Fagge kayan mutane ya aka yi da su waccan shekarar?

Ɗan Fagge:
Alhaji kar ka tuna min, kala bakwai ban gama ba, wani har yau in mun haɗu ba ya amsa sallamata. Na nuna wa ƙanina duk abin da kuka rubuta, ya ce shi har yanzu Na Tudun Wada ne mutuminsa. Yanzu haka yana can kan keke yana gyangyaɗi, ya haɗa hannun riga a bai-bai sai na farke.