Neman kalmar Hausa: me za mu kira "bluff" na 'yan poka?

Jama'a, ga wata kalma da ta tsaya mini a maƙogwaro. Ina rubuta taƙaitaccen labarin yadda kakar gasar poka ta duniya ta 2025 ta gudana a Las Begas, wato World Series of Poker, komai yana tafiya sumul. Michael Mizrachi ya ci babbar gasar, ya tashi da dala miliyan 10 a cikin masu shiga 9,735, kuma a wannan kakar dai ya ci gasar ƙwararru mai kuɗin shiga dala 50,000 a karo na huɗu. Kyautar da ake ɗaura wa zakara a hannu tun 1976 na kira ta munduwar zinare, ba gardama. Sai na zo kan abin da Turawa ke cewa "bluff", alƙalami ya tsaya cak.

Ga wanda bai san wasan ba: kowa yana riƙe da kati biyu a rufe, ana buɗe wasu biyar a tsakiya daki-daki. Mutum yana iya cin kuɗin tsakiya ta hanya biyu. Ko dai katinsa ya fi na kowa idan an buɗe, ko kuma ya zuba kuɗi mai yawan da zai sa sauran su ajiye nasu su janye. Idan ya bi hanya ta biyu alhali hannunsa ba kome, abin da ake nufi ke nan.

Kalmar da aka fara kawo mini ita ce yaudara. Na ƙi ta, kuma kakar 2025 ɗin ce ta ba ni hujja. A gasar da ake kira Millionaire Maker, an zargi mutum biyun ƙarshe da haɗa baki, ɗaya yana sakar wa ɗaya ƙwandalolin wasa da gangan. Masu gasar suka bincika, suka hana munduwar, ba a ayyana kowa a matsayin zakara ba. To wannan shi ne maguɗi, dokar wasa ta hana. Abin da muke nema wa suna kuwa doka ta yarda da shi, kowa ya zauna a teburin da sanin za a yi masa. Idan muka kira su biyun da suna ɗaya, mai karatu ba zai gane abin da ya sa aka tafa wa wani, aka hukunta wani ba.

Wani malami ya ce mini kurari. Na daɗe ina juya ta, don tana da ƙamshin abin: tsoratarwa ba tare da ƙarfin aiwatarwa ba. Amma Malam, kurari aikin baki ne. Haka cika baki. Shi kuwa wannan, gwanayensa shiru suke yi, fuska kamar dutse, wasu har da baƙin tabarau. Barazana ma ta faɗi, domin mai barazana sau da yawa yana da abin da zai aikata da gaske.

Bari mu auna da misalin da duk mai bin wasan ya sani. A babbar gasar shekarar 2003, Chris Moneymaker, akawu daga jihar Tenesi wanda ya sami kujerarsa ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya rage daga shi sai Sammy Farha, tsohon hannu. Moneymaker na riƙe da sarki da bakwai, Farha na da sarauniya da tara. Aka buɗe 9, 2, 6, Farha ya haɗa tara biyu, yana gaba. Kati na huɗu ya zo 8, Farha ya zuba, Moneymaker ya ƙara a kai. Na biyar ya zo 3, bai amfani Moneymaker da komai ba, sai ya tura duk abin da ke gabansa. Farha ya yi ta nazari, har ya faɗi a fili cewa yana jin katin da yaron ke jira bai zo ba. Ya canka daidai, amma ya ajiye. Jim kaɗan Moneymaker ya ci dala miliyan 2.5. A wannan shekarar mutum 839 ne suka shiga. Zuwa 2006 sun kai 8,773. Abin da ya sa duniya ta ga wannan hannu shi ne 'yar kyamarar da ke leƙa katin da ke rufe, mai kallo a gida ya san abin da Farha bai sani ba.

Yanzu ku faɗa mini, me Moneymaker ya yi wa Farha? Bai yi ƙarya da baki ba, bai saci kati ba. Burga ya yi masa. Da na furta haka sai na ji ta zauna daram. Burga tun asali ita ce ka nuna ƙarfin da ba ka da shi don a ji shakkarka a kauce, kuma ba dole sai da magana ba, tsayuwa ma burga ce.

Wata 'yar'uwa ta kawo ƙorafi mai ma'ana: ai yanzu "ya burge ni" na nufin ya ƙayatar da ni, ɗan burga kuma mai son a gani ne. Gaskiya ne, Hajiya. Shi ya sa ba za mu taɓa aikatau ɗin ba. A bar ta a suna: ya yi masa burga, burgarsa ta ci, an kama burgarsa. Mai yin ta kuma mai burga, ba ɗan burga ba. Dodorido da wani ya jefo ta ba ni dariya, kuma ba ta yi nisa ba, sai dai ba ta lanƙwasuwa a jimla, ba za ka ce "dodoridonsa ta ci" a labarin wasanni ba.

Wannan hannu na 2003 ya nuna ma burgar iri biyu ce. A kati na huɗu, Moneymaker bai da komai tukuna, amma akwai katuna da dama da za su iya zuwa su cece shi, ko ya haɗa katuna biyar a jere ko biyar masu alama iri ɗaya. Wannan na ce a kira ta burga da guzuri. A kati na biyar kuwa babu sauran abin jira, idan Farha ya biya, shi ke nan Moneymaker ya yi asarar mafi yawan ƙwandalolinsa. Wannan burgar fanko ce.

Na sa su a rubutun haka. Wadda ta rage mini yanzu ita ce tura duk abin da ke gabanka a lokaci ɗaya; na rubuta "zuba duka" na wucin gadi, amma kunnena bai gamsu ba. Wanda ke da wadda ta fi, bismilla.